Don Allah wa ya san tarihin baje kolin zane-zane na shekara-shekara? Muna son fara namu a Birnin Kebbi

Malamin Zane, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni malamin zane ne a wata sakandare nan Birnin Kebbi, shekarata huɗu ina koyarwa. Bara ranar rabon kyaututtuka na ce bari in gwada wani abu, na kwashi zanen yara wajen guda arba'in na manna su a bangon baranda da salatif, babu firem babu komai, wasu da fensir aka yi su wasu da kalar ruwa, akwai yaron da ya zana kasuwar Jega da masu buhunan albasa, wata yarinya kuma ta zana kakarta tana kaɗi da mazari. Wallahi abin da na gani ranar har yau bai bar raina ba. Iyaye suka bar kujeru a ƙarƙashin kanofi suka dawo baranda suna ta kallo suna kiran juna, wani dattijo ya tsaya gaban zanen mai kaɗin nan ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya tambaye ni ko na sayarwa ne. Na rasa amsar da zan ba shi don ban taɓa kawo wa raina wani zai ciro kuɗi saboda zanen yarinyar aji uku ba.

To tun daga ranar ni da abokaina uku, ɗaya mai rubuta allunan shaguna ne, ɗaya baduku, ɗaya kuma yana zayyanar allo, muke ta shawarar mu mayar da abin na kowace shekara, na gari gaba ɗaya ba na makaranta kaɗai ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda abubuwa suke a wajenmu, a fara da kiɗa da ɗaukar hoto, a yi sau ɗaya sau biyu shikenan ka daina jin labari. Na ji an ce akwai wani baje koli a Ingila da ya haura shekara 250 ana yinsa. Gaskiya ne? Wa ya fara shi, wa ke biyan kuɗin, wa ke zaɓen abin da za a rataya, kuma mi ya hana shi mutuwa? Duk wanda ya san wani abu ya taimaka mana, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗalibin Zariya

Wa alaikumus salam malam, Allah ya yi wa wannan tunani naka albarka. Abin da ka ji gaskiya ne. A Landan ake yinsa, na wata ƙungiyar masu zane da sassaƙa da tsara gine-gine ne da ake kira Royal Academy. Sarki George na uku ya sa hannu aka kafa ta a Disamba 1768, shugabanta na farko shi ne Joshua Reynolds, sai a watan Afrilu 1769 suka yi baje kolin farko a wasu ɗakuna a titin Pall Mall, aiki 136 kacal. Don ka ji tsufan abin, lokacin Shehu Usmanu yana ɗan shekara 14. Kuma tun daga nan ba su tsallake shekara ko ɗaya ba, yaƙin duniya na ɗaya da na biyu duk an yi baje kolin, ko korona ta 2020 abin da ta iya kawai shi ne ta sa aka ɗage shi daga Yuni zuwa Oktoba.

Maganar kuɗi ita ce nake so ka riƙe da kyau. Tun ranar farko ƙofa ba kyauta ba ce, sule ɗaya ake biya a shiga. Sarki ya yi musu alƙawarin cike giɓi idan kuɗi bai kai ba, kuma ya cike ɗin daga aljihunsa a shekarun farko, amma da suka koma Somerset House a 1780 suka samu babban ɗaki jama'a ta ƙaru, sai kuɗin ƙofa ya fara riƙe su. Daga can suka koma dandalin Trafalgar a 1837, sannan a 1869 suka sauka a Burlington House da ke Piccadilly inda suke har yau. Kuɗin baje kolin ba rabawa suke yi ba, makarantarsu ta koyon zane yake tallafawa, shi ya sa har yanzu ɗaliban da aka ɗauka ba sa biyan kuɗin makaranta, kuma ƙungiyar ba ta cikin kasafin gwamnatin Birtaniya. Yanzu mai kawo aiki yana biyan kuɗin shiga, idan an sayi aikinsa ƙungiya ta cire kasonta, sai a manna ɗan jan sitika a gefen aikin kowa ya san an saye.

Sannan ƙofar a buɗe take ga kowa, ba a tambayarka takardar makaranta. Kowace shekara sama da aiki dubu goma ake turowa a zaɓi dubu ɗaya da wani abu, kuma za ka ga aikin babban gwani a rataye kusa da na wanda bai taɓa sayar da komai ba. Churchill ma, tsohon firaministan Birtaniya, da yake taɓa fenti a lokacin hutunsa, a 1947 ya tura nasa da sunan aro, David Winter, don kada a karɓa saboda darajarsa, aka kuwa karɓa. Zaɓen kuma masu zanen ne da kansu suke yi, kwamiti ne da ake canza mutanensa, a da ma'aikata ne ke ɗauko aiki ɗaya bayan ɗaya suna wucewa da shi gaban kwamitin, a sa wa wanda aka ƙi alama a sa wa wanda ake kokwanto tasa alamar, yanzu matakin farko ta intanet ake yi da hoton aikin.

Kada ka ɗauka babu rigima fa, rigima ce ma tarihinsa. A zamanin da jera zanen suke yi firem na taɓa firem tun daga ƙasa har rufi, to wanda aka sa nasa daidai idon mai kallo ya ji daɗi, wanda aka kai nasa can sama kusa da rufi kamar an binne shi ne. Thomas Gainsborough, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, a 1784 ya kwashe ayyukansa saboda an ƙi rataya masa yadda yake so kuma bai sake kawowa ba har ya mutu. Akwai kuma ranar da suke ba masu zane kafin a buɗe wa jama'a, su zo su shafa wa aikinsu man ƙyalli su gyara abin da ya rage. A 1832 an rataya zanen Turner na teku mai launin toka kusa da na John Constable mai cike da ja da ruwan zinari, Turner ya shigo ya duba ya duba, ya ɗauko burushi ya ɗiga jan fenti guda ɗaya a tsakiyar tekunsa ya fita, daga baya ya dawo ya mayar da ɗigon abin nan da ke yawo kan ruwa yana nuna wa jirage hanya, ɗigo ɗaya nan ya janye idon mutane daga aikin da Constable ya shafe shekaru yana yi. Ina ba ka wannan labarin ne don ka san ranar da kuka fara rataya aikin mutane ranar za a fara fushi da ku.

Na Faransa ya ma girmi na Landan, ana ce masa Salon, tun 1667 zamanin Sarki Louis na 14, kuma ya fi shi suna a lokacinsa. Amma shi na hukuma ne, alƙalansa suka zama masu taurin kai, a 1863 suka ƙi ayyuka da yawa har ƙorafi ya kai kunnen Napoleon na uku ya ba da umarni a buɗe wani baje kolin na waɗanda aka ƙi. A 1874 wasu masu zane, su Monet, suka haƙura da shi suka shirya nasu na kansu, a 1881 gwamnati ta cire hannunta, masu zane suka ci gaba da riƙe shi amma martabar ba ta koma kamar da ba. Ni a nawa ganin abin da ya raya na Landan shi ne masu sana'ar ne ke riƙe da shi da kuɗin da yake samarwa da kansa, kuma kowa ya san lokacinsa ba sai an jira wani ya sa hannu a takarda ba.

Bakabe na Argungu

Malam na Zariya Allah shi ƙara basira, mun ƙaru ƙwarai. Amma ni ina ganin ba sai mun tahi Landan ba kahin mu ga abin da ad daɗe ana yi shekara-shekara jama'a na taruwa kallo, ga shi nan gida. Bukin kamun kihi namu na Argungu tun 1934 anka hwara shi yadda duniya tas san shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu yaz zo ziyara, Sarkin Kabi Muhammadu Sama yat tara masunta a yi su don girmama baƙo, kuma kun san tsakanin Kabi da Sakkwato gaba ce ta shekaru masu yawa tun zamanin jihadi, wanga zuwan shi yan nuna an zama ɗaya. Wanda bai taɓa zuwa ba shina ɗauka kihi ɗai aka kamawa a Matan Hwada a watse, alhali kamun kihin awa guda na, ranar ƙarshe, a buga bindiga dubban mutane su ruga cikin ruwa da homa da gora. Sauran kwanakkin akwai kabanci, tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kihi da hannu, ga kokuwa da dambe, ga baje kolin amfanin gona, ga masu sana'ar hannu sun baza kaya dut inda ka duba, tabarmi da hwayahwayi da ƙorai masu zane da kayan dukanci. In wanga ba baje kolin hwasaha ba na to mi na? A 2016 UNESCO tas sanya bukin cikin jerin al'adun da duniya ka alfahari da su.

Amma hwa in an zo ga maganar da malam yay yi ta tsallake shekara, nan dole in sadda kai, gaskiya tai. Bayan na 2009 sai da munka shekara goma ba a yi ba, yara sunka girma ba su taɓa gani da idonsu ba, sai Maris 2020 anka dawo da shi, shekarar da anka kama giwan ruwa mai kilo 78. Kuma wancan na 2020 shi anka ce na 60, kai ko lissahwa daga 1934 ka ga shekara nawa ta. Dalilan ba ɓoyayyu ba na, wani lokaci ruwa ya ja baya, wani lokaci tsaro, ga shi bukin ya yi girman da sai gwamnati ta hiddo kuɗi masu yawa sannan a iya yi. Abin da bai taɓa tsayawa ba shi na abin da ke hannun masu ruwa su da kansu, Sarkin Ruwa da mutanenai, su ka kula da ruwan su hana su a cikinai sai lokaci ya yi, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Kun ga ke nan magana ta koma inda malam yab barta.

Shawarata ga malamin zane, ka zo ka ga gidan tarihi na Kanta in ba ka taɓa zuwa ba, tsohuwar hwadar Sarkin Kabi ta, tun 1958 anka maishe ta gidan tarihi, akwai makamai da tambura da kayan su na da, ka kawo ɗiyan makarantarku su zauna su zana abin da sunka gani. Kuma in kun tashi sa rana ku sa bayan kaka, lokacin mutane na da ɗan abin hannu kuma babu ruwan sama da za shi ɓata muku takardu. In shekarar ana bukin Argungu ku kawo kayanku ku baza, baƙi na da yawa, amma kada ku ɗaura ranarku ga tamu, kun dai ji abin da yaf faru.

Ɗan Gwandu

Salamu alaikum. Ina tare da ku amma akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma shi zai iya tsayar da ku tun ba ku fara ba, maganar zanen abu mai rai. Malam ka san garinmu, ka san hadisan da suka zo a kan masu suranta abu mai rai, kuma malamai sun yi bayani mai faɗi a kai, akwai inda suka haɗu akwai inda suka saɓa, musamman tsakanin mutum-mutumi mai jiki da zanen da ke kan takarda. Ni ba mai fatawa ba ne, amma ina ba ka shawara tun kafin ka buga sanarwa ka je ka zauna da malaman unguwarku ka gaya musu abin da kuke nufi ka ji ta bakinsu, kada su fara jin labarin daga bakin wani wanda zai ce musu gumaka za a jera.

Kuma ni ban ga abin da zai sa baje kolinmu ya zama kwafin na Turawa ba. Mu fasaharmu mai zurfi tana wajen alƙalami da tawada. Ka duba allon sauka da aka yi wa zayyana, ka duba Alƙur'ani rubutun hannu na Warash da yadda ake ƙawata farkon sura da alamar hizbi da ja da rawaya, ka duba gafaka da tadarishi da baduku ya zauna ya yi musu aiki, ka duba aska takwas a gaban babbar riga wadda mutum zai yi wata da watanni yana ɗinkawa da allura. Nan Gwandu garin Malam Abdullahi ne, rubutu gadonmu ne, amma yanzu masu rubutun hannu sai raguwa suke yi saboda bugun inji ya fi araha, dattawan da suka iya haɗa tawada da ƙaro su fere alƙalami yadda ya kamata suna ta tafiya. Haka magina masu zanen soro, irin zuriyar Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, siminti da bulo sun kusa shafe sana'ar. Idan abokinka mai zayyana yana cikin tafiyar to ku ba wannan ɓangaren wuri mai kyau, sai dai a kula, duk abin da ke ɗauke da aya a ɗaga shi sama a sa mai tsaro, kada a ajiye inda yara za su taɓa da hannu ba tsarki.

Uwar Gida, Gusau

Sannunku da ƙoƙari. Na karanta duka kuma raina ya yi daɗi amma ina da ƙorafi ɗaya, tun daga sama maza kawai ake ta lissafawa. Malam na Zariya da kake bayanin yadda suke jera zane daga ƙasa har rufi ni jeren ɗakin amarya ya faɗo min a rai, yadda iyayenmu ke jera ƙorai da tasoshi da fanteka da faifai, kowane abu da mazauninsa, kuma mata su yi ta shigowa kallo suna yabawa suna kushewa, wadda ta iya jere har aronta ake yi daga wata unguwa. To ai mu mun daɗe da sanin wannan aikin na wanne za a sa a sama wanne a ƙasa. Ku sa mata a kwamitin rataya kaya za ku ga bambanci.

Kuma ku ciro naira ashirin ku juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, ba ta yi boko ba, a ƙauye ta koyi ginin tukwane wajen 'yar uwarta, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin, aka kai tukwanenta Landan aka baje su, a 1977 jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Da ba a fito da aikinta inda ido zai gani ba da wa zai san ta? Irinta suna nan da yawa a cikin gidaje, masu saƙar faifai da masu kitso da masu zanen lalle da masu ɗinkin hula, dillalai ke saye a hannunsu da araha su kai birni, sunan mai aikin ko a baki ba a faɗa. Idan za ku yi ku ware rana ɗaya ko wasu awanni na mata zalla, da yawa mazajensu ba za su bar su shiga cakuɗe ba, kuma ku yarda mace ta aiko da aikinta ta hannun ɗanta ko ƙaninta a rubuta sunan da ta yarda a rubuta.

Mu nan Zamfara abin da ke cin raina shi ne ko kayan tarihin da ke ƙarƙashin ƙasarmu ba mu muke kallonsu ba, kayan yumɓu na mutanen da da aka tono a yankin Kwatarkwashi an yi ta fasa-ƙwaurinsu zuwa Turai, yaron Gusau sai dai ya gansu a waya. Ga halin tsaro da kuka sani, mai sana'a a ƙauye ba zai ɗauko kaya ya hau hanya saboda baje koli ba. In kun yarda mu ma mu shiga, ku bari a fara turo hoton aiki ta WhatsApp, wanda aka zaɓa sai a san yadda za a yi ya iso Birnin Kebbi.

Tsohon Ɗalibin Zariya

Hajiya kin yi gaskiya kuma ƙorafinki ya hau kan na Landan ɗin ma. Cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1768 akwai mata biyu, Angelica Kauffman da Mary Moser, amma bayansu sai a 1936 aka sake zaɓen mace cikakkiyar mamba, Laura Knight. Kada ku bari naku ya fara da wannan kuskuren.

Malam na Gwandu, abin da ka faɗa shi ne kusan abin da ɗaliban zane suka tashi a kai a Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, lokacin makarantar ba ta zama jami'ar Ahmadu Bello ba tukuna. Malamansu Turawa ne, manhajar ta Ingila ce, suka ce za su ɗauki dabarar da aka koya musu amma su zuba mata abin gidajensu, kowa ya koma ya binciko zanen ƙabilarsa. Inda zan ɗan saɓa maka shi ne kada a rufe ƙofa ga yaron da ya zana kasuwar Jega ko kwale-kwale a Yawuri, a nemi bayanin malamai kamar yadda ka ce, abin da aka samu sauƙi a kansa a bar shi ya shigo tare da zayyanar. Kuma abin gida yana kai mutum nesa, El Anatsui ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, da murafun kwalabe da wayar tagulla yake haɗa aikinsa kamar ƙaton zanen ɗaurawa, a 2013 aka lulluɓe gaban Burlington House da aikinsa a lokacin wannan baje kolin kuma shi ya ci babbar kyautar shekarar. A 2021 kuma Yinka Shonibare, wanda ya tashi a Legas, shi ya jagoranci shirya baje kolin gaba ɗaya.

A nan gida wanda ya fi kama da abin da kuke so shi ne na Inugu, Life In My City, tun 2007 suke yi don matasa, ana karɓar aiki daga sassan ƙasar nan a tace a kai na ƙarshe Inugu. Na Legas, ART X, a 2016 ya fara amma shi kasuwar manya ce. Akwai kuma bikin fasaha da al'adu na ƙasa da aka fara a 1970 bayan yaƙin basasa, jihohi ke karɓar baƙuncinsa, shi kuma na gwamnati ne, jiha ke zaɓen wanda zai wakilce ta.

Malamin Zane, Birnin Kebbi

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi ban zaci zan samu rabin wannan ba. Jiya da daddare mun zauna mu huɗu a shagon abokina baduku na karanta musu komai. Mun tsaya a kan satin farko na hutun Disamba kowace shekara, kwana uku, rana ta biyu ta mata zalla kamar yadda Hajiya ta ce, kuma matar baduku da ƙanwata sun yarda su shiga cikin masu jera kaya. Ba za mu je neman kuɗi ofishin kowa ba a wannan karon, ɗakin aji biyu za mu roƙa, manya su biya ɗan abin da ba zai gagara ba a ƙofa yara su shiga kyauta, duk abin da aka sayar mu cire kaso kaɗan mu ajiye a asusu na baɗi, mai rubutun alluna ya ce shi zai yi allon sanarwa da firem na katako guda ashirin a kan bashi. Malam na Gwandu, ranar Juma'a bayan masallaci zan je wajen limaminmu in sha Allahu. Bakabe, zan kawo yaran gidan tarihin Kanta kafin jarrabawa in shugaban makaranta ya ba da mota.

Abin da muka kasa daidaitawa shi ne zaɓe. Baduku ya ce shekarar farko duk abin da aka kawo a karɓa don kada a kori kowa, mai zayyana ya ce in aka yi haka ƙwararru ba za su kawo nasu a jera da na 'yan koyo ba, ni kuma ɗalibaina ne za su fi kowa kawo aiki don haka bai kamata in zauna a kwamitin ba. Malam na Zariya, in za ka samu zuwa Birnin Kebbi a Disamba ka zama ɗaya daga cikin masu zaɓen, masauki da abinci suna wuyana. Hajiya ke ma in akwai wata gwanar saƙa ko ɗinki da kika yarda da idonta a nan kusa ki turo min ta akwatin saƙo, muna neman mutum biyu da ba su da ɗa ko ƙane a cikin masu kawo aiki.